Yadda ake kula da targaɗe da tsamin jiki a wasannin dambe da kokawa

Duk wanda ke zuwa gidan dambe ko filin kokawa, ko kuma ɗakin koyon takwando da karate, ya san cewa ba a raba ɗan wasa da kumburi da targaɗe da tsamin jiki.

Wasannin kuwa sai ƙara samun karɓuwa suke yi. A Jamhuriyar Nijar tun shekarar 1975 ake gasar kokawa ta neman takobin ƙasa, sannan lambar azurfa da Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya ciwo wa ƙasar a takwando, a gasar Olamfik ta 2016 a birnin Rio, ta ƙara fito da wasan a idon matasa.

Sai dai likitocin wasanni na gargaɗin cewa abin da aka yi wa rauni a kwana biyu zuwa uku na farko yana da tasiri sosai a kan saurin warkewarsa.

Rauni iri uku

Kwanciyar jini na faruwa ne idan duka ya fasa ƙananan hanyoyin jini a ƙarƙashin fata. Wurin ya kumbura, ya yi duhu, kuma galibi jiki kan shanye jinin cikin kimanin mako biyu.

Targaɗe kuwa rauni ne a jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, inda sukan miƙe fiye da kima ko su yage. An fi samun sa a idon sawu da wuyan hannu da gwiwa da babban yatsa.

Tsamin jiki shi ne mafi sauƙi. Yakan biyo bayan atisaye mai tsanani ko wanda jiki bai saba da shi ba, ya fi tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya wuce da kansa. Motsa jiki kaɗan-kaɗan da isasshen barci sukan taimaka.

Gashi da tausa

A al'ada, da zarar mutum ya yi targaɗe sai a ɗora ruwan zafi a gasa wurin, a shafa man kaɗe ko man zafi, a murza da ƙarfi.

Hukumar lafiya ta Birtaniya na ba da shawarar a guji zafi da tausa a kwanakin farko. Dalili shi ne zafi na buɗe hanyoyin jini, sai jinin da ke tsiyaya a ciki ya ƙaru, kumburi ya ƙaru da shi. Murza naman cinya da ya sha mummunan duka kuma na iya ƙara haɗarin fitowar wani ƙullutu mai taurin ƙashi a cikin tsoka.

Abin da ake so a lokacin shi ne a dakatar da wasa nan take, a hutar da gaɓar, a naɗe ta da bandeji ba tare da matsewa sosai ba, a kuma ɗaga ta a kan matashi. Ana iya sa ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na tsawon minti 20, duk bayan awa biyu ko uku. Inda babu ƙanƙara, ledar ruwan sanyi ma tana rage zogi.

Bayan kumburi ya fara saɓewa, gashi da tausa mai sauƙi ba su da laifi. Man zafi kuwa yana ɗauke hankali ne daga ciwo, ba ya ɗinke jijiyar da ta yage.

Sauyin tunani

Wani likitan wasanni na Amurka, Dokta Gabe Mirkin, shi ne ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga gaɓa a wani littafi da ya fito a 1978. Amma a 2014 shi da kansa ya ce ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa, domin kumburi wani ɓangare ne na gyaran da jiki ke yi wa kansa.

A 2019 wasu masana biyu daga Kanada, Blaise Dubois da Jean-Francois Esculier, sun gabatar da sabon tsari da ke cewa a kare wurin na kwana ɗaya zuwa uku kawai, daga nan a fara motsa shi gwargwadon yadda ciwo ya bari. Gaɓar da aka bari ba motsi takan sandare, tsokarta ta yi rauni.

Yawancin targaɗe kan yi sauƙi cikin mako biyu, amma mai tsanani yakan ɗauki watanni. Komawa fage tun gaɓa ba ta yi ƙwari ba na daga cikin manyan dalilan da ke sa targaɗe ya yi ta dawowa.

Targaɗe ko karaya?

Babban haɗari shi ne a ɗauki karaya a matsayin targaɗe. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan wanda ya ji rauni a idon sawu bai iya yin taku huɗu ba, ko kuma ƙashin idon sawun kansa na zafi idan aka danna, to a ɗauki hoton ƙashi.

Ga 'yan dambe, zare da ƙyallen da ake naɗawa a hannu ba sa hana karyewar ƙashin bayan hannu da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, wanda likitoci ke kira karayar ɗan dambe. Hoto kafin ɗori shi zai nuna ko ƙashin ya goce.

Haka nan kunnen ɗan kokawa da ya tara jini yana buƙatar a zuƙe jinin a asibiti da wuri, in ba haka ba ya murɗe har abada.

Wanda kuma aka yi wa kisa a dambe ya faɗi, ko ya sha duka a ka ya ji jiri ko ruɗewa, bai kamata ya sake shiga turmi a ranar ba. Amai, da yawan barci, da ciwon kai mai ƙaruwa alamu ne na a garzaya asibiti.

Magunguna

Farasitamol ya isa ga yawancin irin wannan ciwo. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma yawan shansu na iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga wanda ya yi gumi sosai bai sha ruwa ba.

Tiramol kuwa, wanda wasu matasa ke sha don su jure duka, yana sa jaraba, yana iya haddasa farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024.

Likitoci na tunatar da cewa zogi gargaɗi ne daga jiki, kuma ɗan wasan da ya danne shi da ƙwaya ya koma fage yana iya mayar da raunin mako biyu ya zama na shekaru.