Ciwon Suga Da Ma'aunin Haske

Da sunan Allah Mai warkarwa. Bayan haka, a ƙasar Karaye da Rogo, inda ake noman rake a fadamu, tsofaffi sun daɗe da sanin wata alama: in tururuwa ta taru inda mutum ya yi bawali, to, akwai magana. Ga ƙishirwa, ga yawan fita da dare, ga rama alhali yana ci. Wannan shi ne ciwon suga, wanda Ibn Sina ya sifanta a littafinsa Alƙanun, yau shekara kusan 1000.

Asalinsa wani ruwa ne da Allah Ya halitta a wata tsoka bayan tumbi, sunansa insulin. Shi ne mabuɗin da ke shigar da zaƙin abinci cikin naman jiki. In ya ƙaranta, ko jiki ya daina jinsa, sai zaƙi ya taru a jini, ya ci ido da ƙoda da ƙafa. A 1921 Banting da Best suka tsamo shi a birnin Toronto na Kanada. A 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya miƙe. Amma auna shi a jini ya gagara saboda ƙarancinsa, sai wajen 1960 Yalow da Berson na Amurka suka fito da hanya.

Abin al'ajabi, masana sun koma ga suga don farautar insulin. Daga sitacin masara ko na rogo ake samun wani zobe da ido ba ya gani, ƙwayar suga 6 ko 7 ko 8 a haɗe, da rami a tsaka. Sukan liƙa masa rini mai ƙyalli kamar maƙesu. In zoben ya kama gefen insulin, sai hasken ya sake, na'ura ta auna. Akwai kuma wani rini da ke haskawa in insulin ya dunƙule ya lalace.

Nan ne zancen ya shafi talaka, domin zafin bazara yana kashe ƙarfin insulin, mutum ya yi ta allura ba amfani. Kafin wannan hikima ta baro ɗakin bincike, wanda ba shi da firji ya ajiye kwalbarsa cikin tukunyar ƙasa a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Kada kuma ya ɗauki azumi sai ya shawarci likita, domin shari'a ta yi wa majiyyaci rangwame.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.