Yadda Gubar Nakiya Ke Cutar Da Tana

Jama'a, kowane manomi ya san tana. Takan huda ƙasa, iska da ruwa su shiga. Takan ci ruɓaɓɓen ganye, kashinta ya zama taki. Gonar da ke da tana da yawa, gona ce mai albarka.

To, akwai wata guba da ke cutar da wannan halitta. Ita ce gubar nakiya da bam. Biyu daga cikin sinadaran da ake yin bam da su sun fi suna, wato TNT da RDX. Idan bam ya fashe, ba duka maganin ke ƙonewa ba. Idan kuma bai fashe ba, ƙarfensa zai yi tsatsa, maganin ya tsiyaye cikin ƙasa. A Faransa an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya tun 1918, amma har yau manoma suna tono bama-bamai a gonakinsu.

Ta yaya gubar ke shiga jikin tana? Ta hanya biyu. Na farko, tana ba ta da huhu, da fatarta take numfashi. Fatar nan kullum a jiƙe take, saboda haka guba na ratsa ta da sauƙi. Na biyu, ƙasa ce abincinta, sai ta haɗiye gubar tare da ita.

Masana a Amurka da Kanada sun yi gwaji. Sun zuba tana cikin ƙasa mai wannan guba, suka sa ido na makonni. Inda TNT ya yi yawa, tana ta mutu. Inda bai kai haka ba, ta rame. RDX kuwa bai cika kashe ta ba, amma yakan rage mata ƙwai da 'ya'ya. Idan haihuwa ta ragu, a hankali tana za ta ƙare a wurin, ƙasa ta rasa mai gyara ta.

Akwai magani. A wata ma'ajiyar makaman soja da ke Umatilla a Amurka, an cakuɗa gurɓatacciyar ƙasa da kashin shanu, da na kaji, da garin katako. Ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cikin takin suka narkar da gubar.

Amma wannan aikin ƙwararru ne. Manomi, musamman a inda aka yi rikici kamar Borno, idan ka ga baƙon ƙarfe a gona, kada ka taɓa shi. Ka hana yara zuwa wurin, ka sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro.