Abin da Ke Ƙarƙashin Shadda: Cinikin Hunturu a Kano

Da zarar Nuwamba ta raba, iska ta fara kwaso ƙurar Sahara tana zuba wa Kano, sai layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai ya sake kama. A tura rigunan shan iska lungu, suwaita da jaket da hular sanyi su hau igiya. Sai dai ba wajen na rataye aka fi cincirindo ba. Jama'a na durƙushe ne gaban tarin da aka zube a ƙasa: singileti mai dogon hannu, wando mai kama jiki har idon sawu, safa mai kauri.

Magidancin da ya sha guga ya kafa hula ba zai ɗora wa shaddarsa jaket ba, sai in dole ta kama. Sanyi kuwa babu ruwansa da ado. Da asubar Disamba da Janairu ma'auni kan sauka zuwa digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Sai a sa mai ɗumin daga ciki, shadda ta rufa asiri. Kayan da aka ɗinka domin ƙanƙarar Turai su ne ke fita sallar asuba a Fagge da Gwale, a ƙarƙashin kaftani.

A dila kayan ke zuwa, galibi ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, domin a takarda gwanjo na cikin abin da Najeriya ta hana shigowa da shi. Ɗan kasuwa yana biya ne bai ga ciki ba. Ranar fasa dila masu sari sun kewaye shi tun da sassafe, kowa na son zaɓin farko, wanda kusan sabo ne, kuɗinsa ma haka. Na biyu ya tafi shago. Ragowar, mai tabo da wanda robarsa ta mutu, a zuba wa samari a baro su zaga unguwanni. Shi ya sa tsohon hannu a saye ba ya kallon launi. Yakan ja ƙugun wandon ya ga ko zai koma, ya juya hammata, ya ɗaga rigar sama ya nemi huji. Wasu kuma suna guje wa auduga zalla, don tana riƙe gumi, rana ta buɗe ka jiƙe, magariba ta yi ka ɗau sanyi.

Kakar gajera ce. Ƙarshen Fabrairu zafi ya fara leƙowa, abin da ya rage sai baɗi, jari ya kwanta. Wanda ya ce "albarka" a Disamba, shi ne zai kira ka da baya a ƙarshen Janairu.

Riga dai ba ta tare ƙura. Busasshiyar iska na ƙeƙashe hanci da maƙogwaro, mutane kuma na cunkushewa a ɗaki a rufe taga, mura ta bi gida kaf. Nan ciniki ke gangarawa Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. A layin kayan ƙamshi ana auna busasshiyar citta, kanumfari, masoro da kimba a ƙulla a leda. A haɗa da lemun tsami da zuma, ga man kaɗanya domin kaushi, ga man zafi domin sirace. Ba sa kashe ƙwayar mura, ita da kanta take wucewa cikin mako guda ko kwana 10, amma suna sassauta maƙogwaro mutum ya samu barci. Zumar ce abin lura. Ana algus da narkakken sukari, kuma ko tatacciya ce likitoci sun hana ba jaririn da bai cika shekara ba.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne kemis. Uba ya zo da yaro mai majina ya ce a haɗa masa, a ƙulla masa kafso na kwana biyu, alhali maganin kashe bakteriya ba ya taɓa mura. Ruwan maganin tari kuwa Kano ta ga tasku a kansa. A Mayun 2018, bayan binciken BBC kan yadda matasa ke kwankwaɗar kodin, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi. A 2024 hukumomi suka rufe ɗaruruwan shagunan magani a Sabon Gari, aka tilasta wa dillalai komawa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke hanyar Zariya.

Akwai kuma tarin da ba na hunturu ba, yana fakewa ne kawai a cikinsa. In ya wuce mako biyu, ga rama da gumin dare, ma'aikatan lafiya kan zargi tarin fuka. Gwajin majina da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ciki har da Asibitin Zana, kuma shan maganin na ɗaukar wata 6.