Agajin ƴan Filifin a yaƙin Biyetnam: wa ya biya kuɗin?

Ƴan kasuwa maza da mata, yau mun leƙa nahiyar Asiya. A shekarar 1954, bayan Faransa ta sha kaye aka raba Biyetnam gida biyu, mutane fiye da 800.000 suka kwararo daga arewa zuwa kudu, ba muhalli, ba magani.

Cikin waɗanda suka fara kai ɗauki har da wata ƙungiyar matasa ƴan kasuwa da masu sana'a ta ƙasar Filifin, bisa jagorancin Oscar Arellano. Suka aika likitoci da masu jinya sansanonin ƴan gudun hijira. A 1957 aikin ya shiga ƙasar Lawos, inda suka riƙe asibitoci har 1975.

A 1966 kuma gwamnatin shugaba Marcos ta tura sojoji wajen 2.000 lardin Tay Ninh, galibinsu masu gini da masu magani. Sun gyara hanyoyi, sun duba marasa lafiya, aka janye su a 1969. Cikinsu akwai Fidel Ramos, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1992.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta tallafa wa aikin likitocin, Amurka kuma ta zuba kuɗi a tafiyar sojojin, don a nuna ba ita kaɗai ke yaƙin ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Uwar da aka ceto ɗanta ta amfana, wannan ba shakka. Sai dai mu da muka san ciniki, in an kawo kaya kyauta, mukan tambayi wanda ya biya kuɗin mota.