Shingen Lantarki Na Tsare Kare: Ko Zai Yi Aiki A Gidajen Bahuli?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Abuja, wanda ya yi ta tattalin albashi har ya gina gida a ƙauyensu, yakan gamu da wata matsala da ba ta cikin lissafin birkila. Ginin ya tashi, an yi rufi, amma kuɗin katanga bai samu ba. Ga shi yana son ya ajiye kare ya yi gadi, sai dai ba ya son karen ya riƙa fita yana korar awakin maƙwabta ko ya ciji ɗan wani. A irin wannan hali ne wasu ke cin karo da tallan shingen lantarki a shafukan cinikayya na intanet, wato wata waya da ake binnewa a ƙasa, wadda masu sayar da ita ke cewa tana hana kare tsallake iyakar gida ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba.

Kafin mutum ya tura kuɗinsa, ya kamata ya auna wannan na'ura da yanayin wurin da za ta yi aiki. Bari mu ɗauki Bahuli a matsayin misali. Gari ne na al'ummar Fali a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, Jihar Adamawa, a yankin duwatsun Mandara da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya, kuma kare ya daɗe yana yi musu aikin gadi da farauta. Duk wanda ya tuna yadda Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato ta a watan Nuwamba, ba zai yi mamakin mai gidan da ke son jin haushin kare cikin dare ba.

Yadda na'urar ke aiki

Wani Ba'amurke mai suna Richard Peck, mazaunin Jihar Pennsylvania, shi ya ƙirƙiro wannan dabara, aka kuma ba shi takardar mallakar fasahar a 1973. Daga nan ne alamar kasuwanci ta Invisible Fence ta samo asali. Kayan kashi uku ne. Akwai ƙaramin akwati da ake jonawa da wuta a cikin ɗaki, akwai waya da ke fita daga akwatin ta zagaye fili a ƙarƙashin ƙasa ta dawo, sai kuma abin wuya mai batir da ake ɗaura wa karen, wanda ke da ƙarafa biyu gajeru da ke taɓa fatarsa.

Ita wayar ba ta jan mutum ko dabba, domin siginar rediyo mai rauni kawai take fitarwa. Idan kare ya matso kusa da ita, abin wuyan zai yi ƙara don gargaɗi. Idan ya ci gaba, sai ya ji jan lantarki a wuya. Ana kafa ƙananan tutoci a kan layin, a riƙa zagayawa da karen da igiya kullum na kimanin mako biyu, har ya fahimci cewa idan ya ji ƙarar sai ya juya baya. Ke nan ainihin shingen yana cikin kan karen ne, kuma horo ke gina shi. Wanda yake Abuja, ya bar wa ƙaninsa ko mai gadi kwali da takardar bayani cikin Turanci, bai gina komai ba tukuna.

Akwai sabon samfuri da ba ya buƙatar waya, yana aiki da tauraron ɗan'adam, mai gida kuma ya zana iyaka a kan taswirar wayarsa ta hannu. Wannan ya fi dacewa da manyan filaye, domin lissafinsa kan kauce da 'yan mitoci. A fuloti mai ƙafa 50 da 100, irin wannan kuskure ya isa ya sa a ja kare yana kwance a ƙofar kicin. Wasu kamfanonin kuma sai an riƙa biyan su kuɗin wata-wata da dala.

Inda ƙasar ba ta yarda ba

Matsala ta farko ita ce wuta. Da zarar an ɗauke ta, akwatin ya mutu, iyakar ta ɓace, sai fa in an haɗa shi da sola ko batirin ajiya. Karnuka masu wayo sukan gane cewa ƙarar ta daina, su fice abinsu. Haka nan idan batirin abin wuyan ya ƙare, ga shi wasu samfuran batirinsu na musamman ne da sai an yi odarsa daga waje.

Ta biyu ita ce wayar kanta. Ba a binne ta da zurfi, saboda haka fartanya ɗaya a lokacin shuka kuɓewa a bayan gida ta isa ta yanke ta, kuma yankewa a wuri guda na kashe zagayen baki ɗaya. A ƙasa mai duwatsu da gangare, ruwan damina kan zaizaye ƙasa ya tono abin da aka binne, ɓeraye su ƙarasa sauran. Tsawa ma kan bi doguwar waya ta ƙona akwatin idan ba a sa masa kariya ba.

Ta uku kuwa halin karen ne. Karen da ya ga akuya ta ruga, ko ya ji ƙanshin karya mai neman barbara, yakan jure jan lantarki na daƙiƙa ɗaya ya wuce. Idan hankalinsa ya kwanta ya nufo gida, sai abin wuyan ya sake jan sa a kan layi, ya zama shingen da aka saya don tsare shi a ciki shi ke hana shi komowa. Wani bincike da masana a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka wallafa a 2017 ya nuna cewa kashi 44 cikin 100 na karnukan da aka tsare da shingen lantarki sun taɓa tserewa, alhali kimanin kashi 23 ne suka tsere daga shinge na zahiri. Wannan a ƙasar da wuta ba ta yawan ɗaukewa ke nan. Kowa ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma batun tausayin dabba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta ɗaura wa kare ko kyanwa abin wuya mai jan lantarki tun 2010. Su kansu masu ƙera shi suna gargaɗin kada a bar shi a wuyan kare dare da rana, domin ƙarafan kan ci fata su zama gyambo, balle a zafin bazarar Mubi.

Haɗarin da ke shigowa daga waje

Babban gibin wannan shinge shi ne, wanda ke sanye da abin wuya kaɗai yake tsarewa. Yaron maƙwabta da ya biyo ƙwallonsa ba ya ganin wata iyaka, zai shigo har inda karen yake. Haka ma baƙon kare da ke yawo daga gari zuwa gari, wanda babu mai sanin ko an taɓa yi masa allura. A nan ne maganar ta tashi daga ta awaki ta koma ta rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun cutar, kuma kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar kan ɓuya a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, kuma idan alamunta suka bayyana, da wuya a tsira. Karen gida da mahaukacin kare ya shigo ya ciza a tsakar gidansa, shi zai kai cutar ga yaran da ke ba shi abinci, ko da bai taɓa tsallake waya ba.

Maganin wannan sananne ne tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya fara gwada allurarsa a kan wani yaro da kare ya ciza. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar kan daina yaɗuwa a tsakaninsu. A kan wannan ne hukumomin duniya suka sa burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare nan da 2030. Najeriya na da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom, Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, kuma tana cikin masu sarrafa allurar karnuka. A 2024 aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, aka kuma naɗa Idi Mukhtar Maiha, ɗan Jihar Adamawa, ministanta na farko. Ma'aikata da hadiman da ke rubuta kasafi da takardun shawara a irin waɗannan ofisoshi su sani cewa allurar da ta tsaya a firjin babban birnin jiha ba ta kare yaron Bahuli da komai ba. Sai an sa kuɗin sanyaya ta da na babur ɗin da zai kai ta ƙauye.

Abin da ya fi dacewa da mai gida

Matakin farko shi ne a kai karen wurin likitan dabbobi a yi masa allura tun yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya tsara, a kuma adana katin. Na biyu shi ne shinge da ido ke gani, ko da ba a kai ga bulo ba. Ragar waya a kan turakun ƙarfe, da ƙofa mai sakata, ta isa ta ware wa kare wani sashe na fili inda akwai inuwa da ruwa. Mutanen duwatsun Mandara ma gwanaye ne wajen jera dutse ba siminti, kamar yadda ake gani a Sukur ta Ƙaramar Hukumar Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Dutse yana nan a ƙofar gida, masu iya aikin ma suna nan. Shingen aguwa ko bini-da-zugu kan ƙara wa iyaka ƙarfi, sai dai a kula da yara, domin ruwan aguwa na cutar da ido, 'ya'yan bini-da-zugu kuma guba ne.

Shingen lantarki na da amfaninsa a matsayin ƙari. Gidan da ke da katanga da sola, amma karen ya saba haƙa rami a gindinta ko bin mota idan an buɗe get, zai iya cin moriyarsa, muddin akwai wanda zai tsaya ya yi horon.

Idan kuwa aka yi rashin sa'a kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar don fara allura, kada a ɗaure raunin da ganye a zauna jira. Karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya. Ƙungiyoyin ci gaban gari da 'ya'yan Mubi mazauna Abuja ke ciki za su iya haɗa kuɗi su ɗauki nauyin allurar karnukan unguwa guda a wannan rana, su nemi masu unguwanni su yi shela tun ana saura mako.