Zaƙin da ake kurɓa ba a lissafa shi

Duk wanda ya ratsa unguwar Gobarau da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke kan ganiyarsa, ya san abin da ya fi ciniki a shagunan da ke kewaye da tsohuwar hasumiyar: lemon kwalba mai sanyi, sai zoɓo da kunun aya a gorar roba ko a ƙulle a leda. Ƙishi ke sa a saya, ba mai tsayawa tambayar yawan sukarin da ke ciki.

To ga lissafin. Gorar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da sukari sama da giram 50, kusan cokalin shayi 13. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke buƙata a yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, in ya sauko zuwa 25 ma ya fi. Gora ɗaya ta cinye rabon yini ke nan, ba a ma zo kan shayin safe ba, wanda mai shayi ke zuba wa madarar gwangwani ya kuma bi da sukari.

Matsalar zaƙin ruwa ita ce ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci tuwo cikinsa zai gaya masa ya isa, amma lemo wucewa yake yi, ya shiga jini da sauri, mutum ya zauna ya ci abincinsa cikakke kamar bai sha komai ba. Shekara da shekaru a haka, sai teɓa, kitse a hanta, ruɓewar haƙori, daga ƙarshe ciwon suga.

Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021. Naira biyar ke nan a gora. Wa wannan zai hana sha?

Abin da ya fi damuna shi ne na gida. Da sukari ya yi tsada, wasu masu zoɓo da kunu sun koma ga sakarin, wanda ya ninka sukari zaƙi kusan sau 300. Ana gane shi da ɗan ɗacin da yake bari a maƙogwaro bayan an haɗiye. Ba guba ba ne in an auna, to amma kamfani da sikeli yake awo, ya rubuta a jikin gora bisa dokar NAFDAC, mai ƙullin leda kuwa da ido take zubawa. Ko lemukan da aka rubuta wa babu sukari ba mafita ba ne: a Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin wannan zaƙin don rage ƙiba.

Iyaye, kuɗin tara da kuke ba yara, ku tambayi me suke saya da shi. Zoɓo a dafa a gida da citta da kanumfari, a rage masa sukari sannu a hankali, harshe zai saba. Wanda kuma ya haura shekara 40, ko akwai mai ciwon suga a danginsa, ya je asibiti a gwada jininsa tun bai fara yawan fitsari da rama ba.