Amfilifaya Ɗaya, Ɗakuna Biyu: Yadda Silimar Gida Ke Ara wa Sauran Ɗakuna Sauti

Na'urar da ke tsakiyar silimar gida, wadda masu sayar da kayan sauti ke kira risiba, akwati ne guda mai ayyuka uku. Tana karɓar hoto da sauti daga dikoda ko faifan Blu-ray ko intanet, tana warware sautin ta rarraba shi, sannan ta ba shi ƙarfin da zai motsa sifika. Aiki na ukun na amfilifaya ne, kuma ba guda ɗaya ce a cikin akwatin ba. Kowace sifika da tata, wato kowace da layinta. Idan aka juya bayan na'urar za a tarar da maɗauran waya a jere, bibbiyu, ja da baƙi, kowane da sunansa a rubuce: gaban hagu, gaban dama, tsakiya, gefe, baya. Yawan layukan nan shi ne jarin mai na'ura, kuma duk wata maganar kai sauti zuwa wani ɗaki daga cikinsa ake cira.

Lambobin da ke jikin kwali su ke faɗin jarin. Tsarin 5.1, wanda ya yaɗu a gidajen silima bayan fitowar fasahar Dolby Digital a fim ɗin Batman Returns a 1992, kafin DTS ta biyo baya da Jurassic Park a 1993, yana nufin sifika biyar: uku a gaba, biyu a gefen mai kallo. Ɗayan da ke bayan ɗigo wufa ce, mai fitar da gurnanin ƙasa, kuma galibi da amfilifayarta a cikinta take zuwa, don haka ba ta cin layin risiba. Tsarin 7.1 ya ƙara sifika biyu a bayan kujera. Da Dolby Atmos ta fito a 2012, ta kuma shigo gidaje a 2014, sai lamba ta uku ta samu: 5.1.2 na nufin biyar a ƙasa da biyu a sama, a silin. Shi ma layi bakwai yake ci.

A nan rarar ta samo asali. Risiba mai layi bakwai ta yawaita a kasuwa, amma ba kowane falo ke da wurin sifika bakwai ba. Inda doguwar kujera ta jingina da bango, babu wani "baya" da za a kafa sifika. Sai layi biyu su zauna ba aikin fari ba na baƙi. Kamfanoni suka ga haka, suka ba da damar sauya musu aiki daga cikin saitin na'urar: ko su ɗauki sifikun baya, ko na sama, ko su taya sifikun gaba, ko kuma su tafi wani ɗaki daban. Denon da Marantz sun sa wa wannan shafi suna Amp Assign, Onkyo tana cewa Powered Zone 2. Zaɓi huɗu ne, amma ɗaya kaɗai ke aiki a lokaci guda.

Ɗakin da aka kai wa sautin shi ne shiyya ta biyu, kuma akwai bambanci tsakaninta da maɓallin A da B na tsofaffin amfilifayoyi, wanda mutane da yawa ke ɗauka abu ɗaya ne. Maɓallin A da B yana ɗora sifiku huɗu ne a kan layi biyu: abin da aka ji nan shi za a ji can, in an ƙara murya nan ta ƙaru can. Shiyya ta biyu kuwa cin gashin kanta take yi. Ana iya kallon wasan ƙwallo a falo da cikakken sautin kewaye, alhali a kicin ko baranda labaran rediyo ake ji, kowane wuri da ƙarfin muryarsa, ana kunnawa ana kashewa ba tare da an taɓa ɗayan ba.

Rabon iri biyu ne. Akwai na dindindin, inda aka sallama layi biyu ga ɗaya ɗakin, falo ya tsaya a 5.1 ko da babu kowa a baranda. Akwai kuma na aro, wanda Yamaha ta yi suna da shi. A nan na'urar tana da ƙarin maɗaurai a baya, ana ɗaura sifikun baya da na shiyya ta biyu duka. Muddin shiyyar a kashe take, falo na cin 7.1. Da an kunna ta sai a ji ƙas daga cikin akwatin, sifikun baya su yi tsit, layukansu sun koma waje. An kashe ta, su dawo. Wannan dabara ce ke ruɗin masu saye, domin mutum zai ƙirga maɗaurai tara a baya ya zaci layi tara ya saya. Haka nan akwai risibar da ke iya sarrafa sautin sifika goma sha ɗaya amma amfilifaya tara ce a cikinta, sauran biyun sai an kawo ta waje. Abin ƙirgawa shi ne yawan amfilifayoyi kamar yadda littafin na'urar ya nuna, ba yawan maɗaurai ba.

Me fim yake rasawa idan aka karɓe masa layi biyu? Daga 7.1 zuwa 5.1 asarar kaɗan ce. Sautin da aka tanadar wa baya ba ya ɓacewa, risiba na zuba shi ne a sifikun gefe, kuma a falo madaidaici ba kowane kunne zai gane ba. Daga 5.1.2 zuwa 5.1 kuwa wata magana ce, domin rufin sautin ne gaba ɗaya ya tafi: jirgin da ya kamata ya ratsa ta saman kai sai ya wuce ta gefe. Wanda ya fasa silin ya dasa sifiku saboda Atmos, bai kamata ya yi shirin ara wa baranda layukansu ba.

Sai batun ƙarfi. Duk layukan risiba daga taransifoma ɗaya suke shan wuta, kamar tankin ruwa guda mai famfo bakwai: in an buɗe biyu ruwa na zuba da ƙarfi, in an buɗe duka sai ya ragu a kowanne. Wat 100 da aka rubuta a kwali yawanci an auna shi ne lokacin da layi biyu kawai ke aiki. Duk da haka abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Sifika madaidaiciya kan ba da desibel 85 zuwa 90 da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya, kuma wannan ƙara ce sosai. Raguwar ƙarfi daga wat 100 zuwa 50 desibel 3 kawai take ragewa. Kiɗa mai taushi a ɗakin cin abinci ba zai taɓa fim ba. Matsalar tana tsakar gida, inda babu bangon da zai maido da sauti, ga hayaniyar mutane, dole a murɗa murya har ƙarshe. Idan hakan ya zo daidai da fashewar bam a fim, taransifoma ta gaza, sauti ya fara kakkarcewa, kuma wannan kakkarcewar ce ke ƙona ƙananan sifikun siririyar murya.

Abin da ya fi kashe amfilifaya ba shi ne wannan ba, yawan ɗora mata sifiku ne. Kowace sifika tana da turjiyarta ga wutar da ke ratsa ta, ana auna ta da om, kuma na gida galibi om 8 ne ko 6. An ƙera yawancin risibobi don om 6 zuwa sama, masu ƙwari kuma har om 4. Idan aka haɗa sifiku biyu masu om 8 a kan maɗauri ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, turjiyar ba ƙaruwa take ba, faɗuwa take zuwa om 4. Uku su mai da ita kusan 2.7, huɗu su kai ta 2. Duk lokacin da turjiya ta ragu da rabi, wutar da ake nema daga amfilifaya ta ninka. Ga yadda abin kan kasance a aikace: an kai sauti kicin ya yi daɗi, sai a ce a ja waya zuwa ɗakin maigida, daga nan zuwa na yara, duka a kan layi biyun nan. Da murya ƙasa-ƙasa komai lafiya. Ranar suna aka ƙara murya, saman akwatin ya ɗau zafi har hannu ba ya zama, na'urar ta kashe kanta, 'yar fitilar gaba na ƙyaftawa. Wannan kariya ce da aka gina mata, kuma gargaɗi ne. In aka yi ta tilasta mata, wata rana sai wajen mai gyara.

Maganin wannan shi ne akwatin zaɓen sifika mai daidaita turjiya, ko maɓallan murya na bango masu irin wannan aiki. Suna sa amfilifaya ta ga om ɗin da za ta iya ɗauka komai yawan ɗakunan. Ba sa ƙara ƙarfi, rabawa suke yi, wasu ma suna ƙona wani kaso ya zama zafi, kuma duk ɗakunan abu ɗaya za su ji tunda shiyya ɗaya ce. Manyan masallatai da otal-otal da tashoshin jiragen sama sun bi wata hanya dabam: layin bolt 100, ko 70 a Amurka, inda kowace lasifika ke da 'yar taransifomarta, ana jera su da yawa a kan waya ɗaya mai tsawo. Risibar gida ba ta wannan tsarin ba ce.

Wani tarkon yana wajen abin da shiyya ta biyu za ta iya kunnawa. Sautin da ya shigo ta HDMI na dijital ne, sai an warware shi kafin ya kai ga amfilifaya, kuma a risibobi da yawa, musamman tsofaffi da masu araha, sashen warwarewar ɗaya ne, na falo. Shiyya ta biyu sai ta tsaya ga rediyon cikin na'urar da abin da ya shigo ta wayar analog mai kai ja da fari. Shi ya sa akan gama haɗa komai daidai, a zaɓi dikoda, baranda ta yi shiru. Sau da yawa ƙara wannan wayar daga dikoda zuwa risiba ya wadatar. Sababbin na'urori sun sassauta, suna tura kiɗan intanet da sautin dijital, amma galibi mai layi biyu kaɗai, kuma idan ɗakunan biyu suka zaɓi na'urar HDMI guda, wani lokaci falo ma yakan sauko zuwa sitiriyo.

Idan abu ɗaya ake ji a wuraren biyu, jinkiri kan shigo. Sautin falo yana bi ta sarrafawa iri-iri, har da jiran hoto don baki ya dace da magana, na waje kuwa kai tsaye yake tafiya. Tazarar da ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na sakan ta isa wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya ji mai sharhi na magana sau biyu. Yamaha na da Party Mode, Denon na da All Zone Stereo, dukansu don daidaita ɗakunan su tafi tare.

Wayar sifika ma tana da nata lissafin, tunda ɗaya ɗakin na da nisa. Ga sifika mai om 8, wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa har kusan mita 15, mai 2.5 kuma ta doshi mita 30. Wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ta cika kasuwa saboda arha, ta fi turjiya, sai an ƙara mata kauri. Bayan sauya aikin layuka, ana sake awon ɗaki da 'yar makirfon da ke zuwa da na'urar, ko tsarin awon nata Audyssey ne ko YPAO. Awon na falo ne kaɗai, bai shafi shiyya ta biyu ba.

Akwai hanyar da ba ta taɓa layukan fim ko kaɗan. Risibobi da dama suna da mafitar shiyya ta biyu mai sauti marar ƙarfi, wadda ake kai wa ƙaramar amfilifaya ta daban. Risiba na zaɓen abin da za a ji, ita kuma ta ɗauki nauyin sifiku. Wasu har da siririyar waya mai bolt 12 da ke tada ta duk lokacin da aka kunna shiyyar. Sai kuma tsarin da ba ya buƙatar jan waya, wanda Sonos ta fara sayarwa a 2005, Denon ta shigo da HEOS a 2014, Yamaha da MusicCast a 2015: kowane ɗaki da amfilifayarsa, intanet ɗin gida ke haɗa su. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne ɗaura amfilifaya biyu a kan sifika ɗaya a lokaci guda, domin kowace za ta tura wuta cikin 'yar'uwarta. Mai son hakan sai ya sa makunnin da ke yanke ɗaya kafin ya haɗa ɗayar.

Shiyya ta biyu tana sa risiba ta wuni a kunne, don haka risibar tana buƙatar sarari ta sama da gefe, ba kabad a rufe ba, balle a watannin bazara. Ta gwanjo da aka ƙera don Amurka bolt 120 take ci, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce, sai da na'urar rage wuta mai ƙarfin ɗaukar dukkan layukan.

Aron layi ya dace da gidan da ke da risiba mai layi bakwai, falo mai sifika biyar, da ƙarin wuri ɗaya mai sifika biyu da ba a neman ƙara sosai a cikinsa. Da zarar ɗakunan sun wuce haka, ko ana son Atmos da kiɗan waje a lokaci guda, amfilifaya ta daban ta fi sauƙin kuɗi a kan gyaran risibar da ta ƙone.